Farar Igiyar da Na Zare a Zurmi

Tun da na dawo ranar Alhamis, duk wadda ta shigo gidanmu tambayarta ɗaya ce: yaya hanyar Zurmi? A guruf ɗin 'yan ajinmu ma haka ne. Kun gan su? An yi harbi? Ban ga kowa ba, kuma ba wanda ya taɓa motarmu. Shi ya sa nake rasa amsa, don idan na ce lafiya muka je muka dawo, sai ku ce to me ya hana ni cin abinci, me ya sa nake zabura idan waya ta yi ƙara. Zan rubuta muku sau ɗaya, daga farko, don Allah kada a sake tambayata.

Ga waɗanda ba su san aikina ba: wata ƙungiya ce ke yi wa mata da yara katin asibiti, wanda idan mace ta nuna shi ake duba ta a ba ta magani. Ni ce mai ɗaukar hoto da zanen yatsa. Na samu aikin ne don na iya buga rubutu a kwamfuta, abin da na koya a wani shago kusa da layin dogo bayan mun gama sakandare. Wata biyu ina yi a cikin Kaura. Wanda ke fita waje da kayan ne matarsa ta haihu, aka ce ni Luba in je, kwana ɗaya ne kawai, Shinkafi da Zurmi.

Sai na bayyana kayan, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. Laftof ɗinmu tsoho ne, gilashinsa ya fashe, kuma cikin kafofinsa da ake soka fulas ɗaya ce tak ke aiki. Don haka Oga Sanusi, mai kula da na'urorin ofis, ya haɗa shi da monita, allo mai zaman kansa kamar ƙaramin talabijin. Monitar tana da kafofi huɗu, biyu a gefe, biyu a ƙasa ta baya. A gefe nake soka kyamara da na'urar dangwale, wadda ake ɗora yatsa a kai. A baya akwai wani ɗan fulas da muke kira makulli, in babu shi manhajar rajista ba ta buɗewa, kuma ba a taɓa cire shi. Wutar duka daga wani akwatin batir take fitowa, mai soket biyu kacal, ɗaya na laftof, ɗaya na monita.

Mu uku muka tafi. Anti Ma'u, ma'aikaciyar lafiya, ita ce shugabar tafiyar, mace mai jiki, kullum da gyaɗa a hannu. Sai Malam Bawa direba, wanda ya shekara da shekaru yana bin hanyar. Sai ni.

Abu na farko da ya ba ni mamaki, ba a sammako. A gidanmu idan za a je Gusau tun asuba ake shiri. A wannan hanyar ba a fita da sassafe, ba a fita da yamma. Muka tsaya a bakin gari har wajen ƙarfe tara, sai da motocin Shinkafi suka fara isowa, Malam Bawa ya tambayi direbobi biyu, sannan ya ce bisimilla. Anti Ma'u ta sa na cire katin aikina daga wuya na tura cikin safa. Ta ce in an tambaye ni, ni ƙanwarta ce, za ta kai ni gaisuwar mutuwa.

Direbobin hanyar suna da maganarsu ta hannu. Idan wanda ke tahowa ya kife tafi ya kwantar, ma'ana lafiya. Idan ya juya yatsa a iska, a koma. Amma abin da suka fi tsoro shi ne kada kowa ya taho. Bayan mun wuce mararraba da kaɗan, muka yi tafiya mai ɗan nisa ba mota ko ɗaya daga gaba. Malam Bawa ya kashe rediyo. Ya rage gudu, ya rage, har ya gangara ya tsaya bai kashe injin ba. Motoci suka jeru a bayanmu, ba wanda ya fito. Addu'ar da na iya tun ina yarinya ta ɓace mini, sai farkonta nake ta maimaitawa. Anti Ma'u ta ci gaba da ɓare gyaɗarta, amma na lura ba ta kaiwa baki.

Ashe motar itace ce ta mutu a kan wata 'yar gada ta tare hanya. Da aka janye ta motoci suka ɓarko, kowane direba na kife tafi. Anti Ma'u ta dube ni ta ce in saki cinyarta haka nan, mijinta bai gama da ita ba. Sai a lokacin na ga inda na damƙe.

A shingen ƙarshe kafin Shinkafi masu tsaro suka buɗe but. Ɗaya ya ɗaga monitar ya tambaya wa za mu kai wa talabijin a wannan zamanin. Suka zazzage kwalin igiyoyi, suka duba, muka kwashe cikin gaggawa kowa na tura abin da hannunsa ya kai a inda ya samu.

A Shinkafi aji aka ba mu a wata makarantar firamare. Mata sun cika inuwar dalbejiya, wasu daga Jangeru, wasu daga Galadi, bibbiyu da goyo a kan babur guda. Akwai waɗanda aure ya kawo daga ƙetaren iyaka, suna ce wa makaranta lakkwal, wutar lantarki kuma kuran. Wata ta leƙo ta taga ta tambaye ni ko kuran ɗinmu zai kai yamma, na tsaya ina kallonta har Anti Ma'u ta fassara mini, mata suka yi ta dariya wai 'yar birni ba ta jin Hausa.

Na haɗa komai na kunna. Hoto ya fito a monita tar. Na'urar dangwale ta kawo koren haskenta. Amma manhaja ta ce babu makulli, babu kyamara, babu komai. Na kashe na kunna sau uku. Gumi ya jiƙa mini hijabi. Na kira Oga Sanusi, kafin in gama bayani ya katse ni ya ce in ƙirga igiyoyin da ke tsakanin monita da laftof. Na ce ɗaya. Ya ce biyu ya kamata su zama: ta hoto, da wata mai kai kusurwa huɗu, irin ta firinta. Ya ce hasken na'ura ba shaida ba ne, monita ce ke ba ta wuta, amma sai ta wannan igiyar laftof ke sanin da zamanta. Muka juye kaya, muka same ta a cikin kwalin awon jini na Anti Ma'u, tun daga shinge. Ina soka ta komai ya tashi. Ranar har la'asar ba abin da ya sake tsayawa, sai lokacin da na dawo daga salla na tarar monita ta yi barci ta tafi da kafofinta, na taɓa maɓalli ta farka, suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Gidan yayar Anti Ma'u muka sauka. Mijinta malamin Islamiyya ne, gidan cike da alluna da yara. Tun kafin magariba aka ci abincin dare, tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, ban ci na kirki ba. Da safe na lura da abin da ban gani ba jiya: takalman gidan duka a jere suke a ƙofar ɗaki, bakinsu na kallon waje, kuma kowace mace da hijabinta ta kwana a ƙarƙashin kai. Matar gidan ta ce kowane ƙaramin yaro ya san wanda zai ɗauke shi idan gudu ya kama. Ta faɗi haka tana dama koko, kamar tana gaya mini farashin gero. Mu a Kaura muna jin tsoro, amma har yanzu takalmina inda na cire shi nan yake kwana.

Wani abin kuma, labari ya zaga unguwa cewa baƙi sun zo da akwatin wuta. Kafin mu karya kumallo wayoyi sun taru a faranti, kowace da saƙon gaisuwa daga mai ita. Anti Ma'u ta yi ta ba da haƙuri, ta ce wutar ta aikin Zurmi ce. Matar gidan ta ji kunya ƙwarai, ta ce a nan ba a hana caji, kamar ruwan sha yake. Ta ƙulle mana hoce, gasasshiyar wainar dawa, da ƙuli-ƙuli a leda muka fito.

Muka dawo baya har mararraba, muka karya zuwa Zurmi. Kafin mu shiga gari Malam Bawa ya yi mana magana ɗaya, kuma ni yake kallo ta madubi. Ya ce motocin ƙarshe masu zuwa Kaura ƙarfe uku suke tashi, tare, a jere. Shi ba ya bin hanyar nan shi kaɗai, kuma ba ya kwana a Zurmi. Ƙarfe uku, an gama ko ba a gama ba.

Wani ƙaramin asibitin unguwa ne. Garin ya daɗe ba wuta, 'yar wutar sola da suke da ita ta firjin allurar rigakafi ce, a ɗaki a kulle. Wata dattijuwa mai sharar asibitin, Inna Tumba, ita ta tarbe mu, ta ja mini tebur ta manna shi da taga don in sha iska. Bayan monita ya koma jikin tagar. Mata sun fi na Shinkafi yawa, yawancinsu daga ƙauyukan da aka watse, wasu kuma sun biyo motar kasuwa da za ta mayar da su kafin la'asar. Kowa a wurin agogo yake kallo, ko da ba shi da shi.

Na fara wajen sha ɗaya da rabi. Tsofaffi aka fara shigowa da su, kuma komai ya tafi daidai, mace ta zauna, hoto, yatsa, ta tashi. Na yi kamar goma sha biyu. Har na fara lissafin cewa zan gama kafin biyu da rabi.

Sai layin ya iso kan wasu mata 'yan gari ɗaya da suka yi suna a makon, dukansu da lalle, ja wur har gaɓa ta biyu. Ta farko ta ɗora yatsa. Hasken na'urar ya ƙaru kamar yadda yake yi idan za ta ɗauka, sai laftof ya yi wannan 'yar ƙarar da yake yi idan an zare abu, na'urar ta ɓace daga manhaja. Daƙiƙa kaɗan ta dawo da kanta. Ta sake ɗorawa, ta sake ɓacewa. Wani lokacin har kyamara take bi. Ta biyu haka, ta uku haka.

A wurin horo an taɓa ce mana lalle mai kauri kan hana zanen yatsa fitowa. Kuma ga shi ba ta ɗaukewa sai an ɗora yatsa. Na ce wa Anti Ma'u lalle ne. Ban ce ina tsammani ba, na ce lalle ne. Ita kuma ta fita ta faɗa wa mata.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Aka aika kasuwa aka sayo lemun tsami. Inna Tumba ta kawo toka da bokitin ruwa. Mata suka durƙusa a bakin rariya suna gurza yatsunsu a jikin siminti. Suna yi suna tsokanar mai jegon, wai ita ta ja musu, da ta haifi ɗan a wani watan. Wata ta ce ita mijinta bai ma ga lallen ba tukuna ga shi gwamnati ta cinye. Suka riƙa shigowa da yatsu jajaye, wasu fatar ta saɓule, suna ɗorawa, na'ura na ɓacewa. Ni kuma ina cewa a ƙara gogewa. Na canja wa na'urar kafa, na mayar da ita inda kyamara take. Na kashe laftof na kunna. Na goge gilashinta da gefen hijabina. Sau ɗaya ko biyu ta ɗauka, sai hakan ya ƙara tabbatar mini cewa gurzawar ce ke aiki.

Ƙarfe ɗaya ta wuce. Malam Bawa ya leƙo ya nuna mini tsintsiyar hannunsa.

Wata tsohuwa ce ta rushe mini zancen. Hannunta ba ɗigon lalle, ta ce rabonta da shi tun rasuwar maigidanta. Ta ɗora, na'ura ta ɓace. Ta dube ni ta ce, "To ɗiyata, ni kuma mi zan goge?"

Sabis ɗin wayata a ɗakin sai a jikin ƙofa. Na tsaya nan ina kiran Oga Sanusi, sai a kira na biyar ya shiga, lokacin an fara kiran azahar. Ya ce in zare igiya mai kai kusurwa huɗu daga laftof, in soka na'urar dangwale kai tsaye a kafar nan guda, in buɗe wurin gwaji. Na yi. Na kira ɗaya daga cikin masu lallen, wadda ba ta kai ga gurzawa ba. Ta ɗora. Zanen yatsarta ya fito a allo layi-layi, tsaf, kamar an zana da biro.

Na tsaya ina kallonsa. A waje ina jin ƙarar yatsu a kan siminti.

Amma ba zan iya aiki haka ba, don kafa ɗaya ce, kuma manhaja na son makulli da kyamara da na'ura gaba ɗaya. Oga Sanusi ya ce to laifin daga monita ne. Ya ce wutar da take raba wa kafofinta 'yar kaɗan ce, kuma na'urar dangwale ta fi jan wuta a daidai lokacin da aka ɗora yatsa. Idan wani abu na shan wutar, a nan za ta faɗi. Ya tambaya me na ƙara. Na ce ban ƙara komai ba. Ya ce, "Luba, ban ce ki tuna ba, cewa na yi ki duba. Ki juya ta ki ga bayanta da idonki." Sai sabis ya ɗauke.

Na mayar da igiyoyi yadda suke. Anti Ma'u ta tafi salla. Malam Bawa ya sake zuwa, wannan karon ya yi magana, ya ce biyu ta gota, motoci sun fara taruwa a tasha. Na ja monitar gaba na leƙa bayanta. Ga makulli a kafarsa. A kafar da ke kusa da shi, wadda na san babu komai, ga wata farar igiyar caji, an naɗe tsakiyarta da baƙin salatif, ta bi ta tsakanin ƙarafan taga ta sauka waje.

Ina so in faɗi gaskiyar abin da na ji, don a nan ne nake maƙalewa kullum. Haushi na ji. Na tuna farantin wayoyin Shinkafi, na tuna yatsun matan nan, na tuna ƙarfe uku. Taga na gabana, tsayin hannu. Da na miƙe na leƙa da na ga ko wane ne. Ban leƙa ba. Na kama igiyar na fizge.

Daga ƙarƙashin tagar na ji muryar mace, ba da ƙarfi ba, ta yi salati.

Na kira ta gaba a layi. Ta ɗora yatsa, na'ura ta ɗauka nan take. Ta biyu ma haka. Ina kan ta uku Inna Tumba ta shigo da sauri, hannunta da toka, ta ce wa ya cire. Na ce ni ce, kuma wannan igiyar ce ta hana mu aiki tun ɗazu. Ta ce ita ta saka, da hannunta, lokacin da nake fama da tsofaffi. Ta ga kafa a banza, ta ga wuta, ba ta ga abin da zai ɓata ba. Sannan ta gaya mini ta wace ce.

Sunanta Kulu. Mutanen daji sun ɗauke mijinta a gona, an kwana ashirin da wani abu. Dangi sun kai abin da aka nema tun shekaranjiya. An ce mata yau bayan azahar za a kira a faɗi inda za a je a ɗauko shi, kuma lambar wayarta kaɗai suka sani. Batirin wayar ya kumbura, ba ya riƙe wuta, ana zare ta daga caji take mutuwa. Mai cajin bakin kasuwa injinsa ya lalace tun jiya. Tun safe take yawo da matacciyar waya har Allah ya kawo mu.

Na fita. Tana zaune a ƙasa, bayanta a jikin bango, da yarinya a cinya. Kulu ba za ta wuce shekaruna da yawa ba. Tana ta danna maɓallin kunnawa da babban yatsa, allon baƙi. Ba ta ɗago ba.

Akwai fawa bankin yayana, ɗan batirin cajin waya, a jakata, wanda ya ba ni don in riƙa kiran Umma a hanya. Tun farko yana nan. Da na leƙa tagar, da na yi tambaya ɗaya, da an san yadda za a yi, ko a jira a soka wannan a daidai lokacin da aka zare waccan, ko a cire layin a sa a wayata. Duk wannan daga baya ya zo mini. Na kawo fawa bankin na soka mata. Wayar ta nuna hoton batir ja, ta ƙi tashi. Inna Tumba ta ce haka take, in ta mutu sai ta sha wuta tukuna. Na ce a cire layin a sa a tawa. Kulu ta riƙe wayar a ƙirji ta girgiza kai. Murfin da salatif aka ɗaure shi, ta ce in aka buɗe ba ta san ko zai sake haɗuwa ba, kuma an taɓa cire layin ya ƙi karantuwa sai da aka yi ta gogawa.

Anti Ma'u ta dawo ta tarar da mu haka. Ta ji bayani a taƙaice, ta kama hannuna ta mayar da ni kan kujera, ta ce tsayuwata a nan ba za ta kunna waya ba, ga mata na jira. Na zauna. Hoto, yatsa, tashi. Hoto, yatsa, tashi. Ban taɓa yin sauri irin na ranar ba, kuma na'ura ba ta sake ɗaukewa ko sau ɗaya ba. Sai dai waɗanda suka fi gurzawa, yanzu su ne zanensu ya ƙi fitowa, don fatar ta kumbura, sai na koma kan yatsun da ba su taɓa ba. Ba wadda ta yi mini ƙorafi. Wata ma godiya ta yi. Kunnena duk yana bayan taga.

Wajen biyu da rabi na ji kiɗan kunnuwar waya. Na ji Inna Tumba ta ce alhamdu lillahi. Bayan ɗan lokaci na ji ƙarar shigowar saƙo.

Kulu ce ta miƙo wayar ta tsakanin ƙarafan taga, da fawa bankin a haɗe, tana riƙe da su da hannu biyu kada igiyar ta motsa. Ta ce, "Malama, duba mini. Ba ni da karatun boko."

Saƙon kamfanin waya ne, irin wanda ke zuwa idan an neme ka waya na kashe. Wata lamba ta kira sau biyu. Biyu da minti goma sha shida, da biyu da minti goma sha tara.

Na so in ce talla ce. Wallahi kalmar ta zo har bakina. Na karanta mata yadda yake. Ta tambayi ƙarshen lambar, na faɗa, ta ce ba ita ce ta wancan karon ba, amma kullum da sabuwa suke kira. Na danna mata kira. A kashe. Na sake. A kashe. Inna Tumba ta ce za su sake kira, ai suna sake kira, na wani mutumin unguwarsu sai da aka yi kwana uku. Kulu ta janye wayar a hankali ta koma ta zauna inda take.

Na ce mata ta yafe mini. Ta ƙarfen taga na faɗa, ban ma iya fita ba. Ta ce, "Ba ki sani ba." Shi ke nan abin da ta ce.

Uku saura minti goma Malam Bawa ya fara hon. Akwai mata a layi har lokacin, ban ƙirga su ba, ban iya kallon wajen ba. Anti Ma'u ta ce musu za a dawo, ba ta faɗi rana ba. Ina naɗe igiyoyi Inna Tumba ta ce ko zan yi wa Kulu nata katin, yarinyarta na tari. Ba ta yarda ta bar gindin tagar ba, don a nan ne sabis ya fi tsayawa. Na juya kyamara ta taga na ɗauke ta a zaune, na miƙa na'urar dangwale iya tsawon igiyarta, ta ɗora yatsan hagu, dama na riƙe da waya. Ta faɗi lambarta na rubuta a gurbin lamba. Na bar mata fawa bankin. Fitila uku cikin huɗu ke kunne a jikinsa, ban san awa nawa wannan zai kai ta ba.

Mun samu motocin ƙarshe, mu ne na biyun baya. Hanya lafiya lau, kowane direba na kife tafi. Anti Ma'u ta miƙo mini hoce na ce na ƙoshi. Kafin magariba muna Kaura.

Da na kai kaya ofis washegari na ba Oga Sanusi labari, sai ya yanko salatif ya toshe kafar nan ta huɗu. Ya ce in an sake fita ba wanda zai ga wurin sakawa. Na ce masa to, amma ban ji sauƙi ba.

Lambar Kulu tana cikin rajista, kuma na haddace ta. Jiya na buga ta a wayata har ƙarshe, yau ma haka. Ina so in ji ko sun sake kira, ko ya dawo. Amma duk lokacin da yatsana ya kai kan koren maɓalli sai in tuna cewa layi ɗaya ne, kuma idan nawa kiran ya shiga a daidai lokacin da nasu ke neman shiga, sau biyu ke nan na raba ta da kiran. Sai in goge lambar in ajiye wayar.